Bakan Laba Hamsin

Bakan Baba ya tsage ana gab da buɗe farautar barewa. Reshen sama ne ya yi 'yar tsaga kamar silin gashi, kusa da tayar da tsirkiya ke bi. Wani zai ce a lallaɓa a ƙarasa shekarar, amma baka mai taya ba a lallaɓa shi, ranar da zai fashe a fuskar mutum zai fashe. Don haka ranar Asabar na ɗauki Baba a motata muka nufi shagon Gordy, mai sayar da kayan farauta a garinmu. Baffa Reino, yayan Baba, ya ce zai raka mu. Ba wanda ya gayyace shi.

Sansaninmu na farauta bukkar katako ce da kakanmu ya gina a bayan fadama, kuma dokokinta biyu ne. Ta farko kowane sansani a nan arewacin Michigan yana da ita: wanda ya harba ya kuskure, a yanke masa gindin riga a kafe a bango da ƙusa. Abin dariya ne kawai, bangonmu cike yake da tsummoki, nawa ma suna ciki. Ta biyun kuwa Baba ne ya kafa ta da bakinsa. Akwai wata tsohuwar kujera a lungu. Duk wanda aka yi shakkar ƙarfinsa sai ya zauna a kanta, ya ɗage ƙafafu daga ƙasa, ya ja bakansa a hankali har tsirkiya ta taɓa leɓensa, ba tare da ya ɗaga bakan sama yana kokawa da shi ba. In ya kasa, ya daina hawa bishiya kwanton barewa ke nan. Dalilin mai kyau ne, ban taɓa musu ba: wanda ke dambe da bakansa ba zai sa kibiya inda ya kamata ba, sai ya bar dabba ta je ta mutu a wahale cikin daji. Matsalar ita ce jelar da Baba ya ɗaura wa dokar, wai namiji ba ya riƙe bakan da nauyin jansa bai kai laba sittin ba.

Mutum ɗaya tak kujerar ta taɓa kayarwa, shi ne Baffa Reino, shekarar da aka yi masa aiki a ƙirji. Ya ce a bar shi ya sayi baka mai sauƙi. Baba ya dube shi a gaban kowa ya ce, "Reino, bakan mata a hannun mata yake a nan." Tun daga ranar Baffa ya koma mai dafa mana abinci, tun daga ranar kuma harshensa ya yi kaifi. Ni ce macen da ake nufi. Bakana laba hamsin ne, naman da ya kawo gidan nan ba ya ƙirguwa, amma na haɗiye maganar kamar yadda na saba haɗiye maganganun Baba.

Gordy ya duba tsagar ya girgiza kai.

"Wannan ya gama aikinsa, Arvo. Sai dai ado a bango."

Ya shiga ciki ya fito da baka biyu ya shimfiɗa a kan tebur. Kamfani ɗaya, tsawo ɗaya, launi ɗaya irin na ganye-ganye. In ba ka duba 'yar takardar da ke manne a reshen ƙasa ba, ba za ka raba su ba. Ɗaya saba'in, ɗaya hamsin. A wajenmu kuwa in mutum ya zo da sabon baka, kafin a tambaye shi lafiyar iyali an juya bakan an karanta takardar nan.

Baba ya nuna mai hamsin da haɓa. "Wannan kuma me ya fito da shi? Helmi tana da nata."

"Ba don Helmi na fito da shi ba," in ji Gordy. "Bakan yanzu ba irin na da ba ne. Wannan da kake rainawa ya fi tsohon naka gudun kibiya. Za ta shiga ta nan ta fita ta can, barewa ba ta ma san an taɓa ta ba."

"To sayar wa Reino."

Baffa yana zaune kusa da tukunyar kofi, ya ɗora ɗaya kan ɗaya. "A'a, ni an sallame ni tuntuni, ni da ludayi muke. Ba wa Auta na maza. Ai shi ba ya tsufa, jiya-jiya aka yaye shi."

Shekarun Baba sittin da takwas, amma har yau Auta Baffa ke kiransa. Ni kuma na san abin da su biyun ba su faɗa ba. Tun farkon shekara Baba ke miƙa hannun hagu in zai sauko da kofi daga kanta. In zai sa rigar sanyi sai ya juya wa mutane baya. Bai taɓa cewa kafaɗa na damunsa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Haka gidanmu yake, ciwo sai ya kwantar da kai ake saninsa.

Gordy ya nace, muka shiga ɗakin gwaji a bayan shago, Baba ya fara da mai hamsin ɗin don a rabu da shi. Baka mai taya a farkon ja yake da tauri, sai ka haye wani ɗan tudu, daga nan tayoyin su karɓe nauyin ka riƙe shi cikin sauƙi. Baba ya haye tudun kamar yana buɗe ƙofar ɗakinsa. Kibau suka jeru a tsakiya suna gogar juna. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da na daɗe ban gani ba. Ya juya bakan a hannu yana shafawa, sai na ga farcen babban yatsansa yana ɗan sosa gefen takardar.

Baffa ma ya gani.

"Ba ta ɓamɓaruwa da farce, Auta. Sai ka sa ruwan zafi."

Kunnuwan Baba suka yi ja. Ya ajiye bakan kamar ya ƙona shi, ya ɗauki mai saba'in. A tsaye yake, cikin ɗumi, da 'yar riga mara nauyi. Ya cije, ya ɗan ɗaga bakan sama, jijiyar wuyansa ta tashi, ya haye tudun da ƙyar. Kibiyar ta shiga, ba laifi.

"Shi ke nan," ya ce. "Wannan."

"In sassauta maka shi ya sauko sittin?" in ji Gordy.

"Ɗaure shi tam."

Gordy ya dube ni. Ni kuma na mai da ido kan kwalin kibau kamar ban taɓa ganin kibiya ba. Yaya zan ce wa ubana ƙarfinsa ya ragu a gaban yayansa da ke jiran wannan rana? Sai da muka sauke Baffa a gida na gwada.

"Baba, shago da ɗumi, bishiya da sanyi."

"Ni na koya miki wannan."

"Shi ya sa na tuna."

"Tuƙi kike yi ko wa'azi?"

Makonnin farko ba abin da ya faru, barewa ba su ba kowa fuska ba. Sai watan Nuwamba ya kama, mazan suka fara bin mata ido rufe, sanyi kuma ya sauko da gaske. Ran nan da safe ciyawa duk ta yi fari, ruwan fadama ya daskare a gefe-gefe. Mazaunina yana kan bishiya a wannan gefen fadamar, na Baba a wancan gefen, ganye ya zube, ina hango hularsa. Mun daɗe a zaune har yatsuna sun daina jin komai.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga shi ya fito daga cikin duhuwar itatuwa. Namijin barewa ne babba, wuya a kumbure, ƙaho mai rassa, irin wanda mutum kan yi shekaru bai ga kamarsa ba. Na ɗauko madubin hangen nesa. Ya bi hanyar da ta ratsa ƙarƙashin Baba, ya tsaya ya ba shi gefe, ya sunkuya yana shinshina ƙasa. Ko a mafarki ba a samun tsayuwa irin wannan.

Baba ya ɗaga baka ya ja. Tsirkiyar ta taho kaɗan ta tsaya. Ya saki a hankali, ya ja numfashi, ya sake ja. Na ga gwiwar hannunsa tana rawa. Sai ya yi abin da ya hana mu yi tun muna yara: ya ɗaga bakan sama yana nuna gajimare, ya karkace, yana ja da dukan jikinsa, har igiyar da ta ɗaure shi da bishiya ta miƙe. Bai haye tudun ba. Barewar ya ɗago kai ya dube shi. Bai ma gudu ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya kaɗa wutsiya ya yi tafiyarsa a hankali kamar mai barin kasuwa.

Da na san abin da zai biyo baya da na sauke madubin. Baba ya zauna ya daɗe, kansa a sunkuye. Sannan ya zuro bakan ƙasa da igiya, ya sauko, ya taka zuwa inda barewar ya tsaya. Ya duba dama da hagu. Ya zaro kibiya daga kwari, ya riƙe ta da hannu biyu ya caka a ƙasa, ya zare, ya duba tsinin, ya ƙara cakawa.

Kunya ta lulluɓe ni kamar ni na yi. Ji na yi kamar na leƙa shi yana wanka. Mutumin da ya taɓa sa ni na koma daji cikin ruwan sama don in nemo kibiyata in faɗa wa mutane gaskiyar inda ta faɗi, shi ne yau yake shafa wa kibiya taɓo. Na gane lissafinsa sarai. Kuskure yankin riga ne da dariya. Kasa jan baka kuwa kujera ce.

Da tsakar rana muka taru a bukka. Ƙamshin naman da Baffa ya dafa da dankali da albasa ya cika ɗakin. Dale, ɗan Baffa, yana cire takalmi a bakin murhu. Baba ya shigo ya jefa kibiyar kan tebur.

"Na kuskure," ya ce. "Ƙato ne. Ta ƙarƙashin ƙirjinsa ta bi."

Dale ya tuntsire da dariya. "Yau ga ranar da ake jira. Baffa Arvo da kansa? Ina almakashi?" Tsumman Baba ɗaya ne a bangon nan, tun yana saurayi, har ya koɗe. Dale ya juyo gare ni, don al'ada ce a tambayi wanda ke kusa. "Helmi, ke ce maƙwabciyarsa. Kin ga harbin?"

"Ina kallon wani wajen," na ce. Fuskata ta ɗau zafi, na durƙusa ina kwance igiyar takalmin da na riga na kwance.

Baffa Reino ya ajiye ludayi ya zo ya ɗauki kibiyar. Ya kai ta bakin taga. Kibiyar da bakan laba saba'in ya harba daga kan bishiya takan nutse a ƙasar fadama har sai an yi da gaske a zaro ta. Wannan kuwa taɓon a tsini ya tsaya, bai kai tsawon yatsa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe baka zai gane, balle Baffa. Na rufe ido ina jira. Shekara da shekaru yana wasa harshensa saboda rana irin ta yau, ga ta ta zo har gida.

"Ƙasa ta yi tauri bana," ya ce.

Ya goge tsinin da tsumman girkinsa, tas, ya mai da kibiyar cikin kwarin Baba. Sannan ya karɓi almakashi daga hannun Dale.

"Juyo, Auta."

Baba ya juya. Baffa ya zaro gindin jar rigar daga wando, ya yanke a hankali, ya kafe a bango kusa da tsohon. Bai yi tsokana ko ɗaya ba. Mutumin da ba ya iya miƙa maka gishiri bai haɗa da baƙar magana ba, ya koma wajen tukunya shiru. Dale ma dariyarsa ta mutu, yana duban ubansa yana duban Baba.

Da Baffa ya tona shi, na tabbata Baba zai yi faɗa, ya rantse, ya ci abincinsa. Rufin asirin ne bai iya ɗauka ba. Ya tsaya yana kallon tsumman nan a bango. Sai ya nufi lungu, ya sauke kwalayen da aka tara kan kujerar, ya jawo ta tsakiyar ɗaki tana ƙara a kan katako.

"Baba, abinci zai huce," na ce.

Bai ko dube ni ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗora kibiya, ya fuskanci buhun gwaji da ke jikin bango, ya zauna ya ɗage ƙafafu. Ya ja. Ga ɗumin murhu, ga ba rigar sanyi, amma kafaɗar ta riga ta ba da abin da take da shi tun a kan bishiya. Tsirkiyar ta taho rabi ta tsaya, hannunsa na karkarwa, ƙafafunsa suka sauka ƙasa da kansu. Ya mai da ita a hankali ya ɗora bakan a cinya.

"Ban harba ba," ya ce. "Da hannu na caka ta."

"Na sani," in ji Baffa, bai juyo ba. "Dale, zuba wa mutane abinci."

Ba wanda ya ji ɗanɗanon abincin nan. Da aka gama Baba ya sa bakan a jakarsa ya ce in kai shi gari. Sai da muka kusa isa ya tambaya, idonsa a kan titi, "Kin gani, ko?" Na ce na gani. Ya ce, "Kika yi ƙarya saboda ni."

Gordy, Allah ya saka masa, bai tambayi komai ba. Ya karɓi mai saba'in ya shiga ciki ya fito da ɗayan. Na ɗauka Baba ya sauko ne kawai, zai karya dokarsa don kansa ya ci gaba da hawa bishiya, har na fara jin haushi a madadin Baffa. Ashe ban gama sanin ubana ba.

Da muka koma bukka muka tarar da Baffa yana fere dankalin dare. Baba ya buɗe jaka ya ajiye bakan a gabansa, cikin ɓawon dankali.

"Naka ne, Reino. Irinsa ka nema, na hana ka. Ban kyauta ba."

Ban taɓa jin Baba ya faɗi waɗannan kalmomi ga kowa ba. Baffa ya daɗe yana kallon bakan. Ya goge hannu, ya ɗauka, ya gwada riƙon, ya shafa tsirkiyar da yatsa kamar mai shafa kan jariri. Ba wanda ya ce masa ya yi, shi da kansa ya je ya zauna a kujerar, ya ɗora kibiya, ya ɗage ƙafafu. Idonsa ya yi wani haske. Ya ja.

Ko tafin hannu tsirkiyar ba ta motsa ba. Ya sake gwadawa da ƙafafu a ƙasa, haka. Hannun da ya yi shekaru ba abin da yake ɗagawa sai tukunya ya manta hanya. Ya yi 'yar dariya mara daɗin ji.

"Ka makara, Auta. Lokacin da na roƙa, da na ja shi da ido a rufe."

Baffa ya tashi daga kujerar.

"Taso ka zauna," Baffa ya ce, ya miƙa masa bakan. "Dokarka ce, ba tawa ba."

Baba ya zauna ya ɗage ƙafafu. Duk da kafaɗar da ta wahala, ya haye tudun sumul, tsirkiya ta taɓa leɓensa, ya riƙe ba rawa. Ban taɓa ganin wanda ya ci jarrabawa da irin wannan fuska ba. Sauƙin da ya ja shi ne shaidar abin da ya ƙwace wa yayansa, kuma duk wanda ke ɗakin ya gani.

"To, gobe ka hau," in ji Baffa. "Ka kawo nama ko ka kawo riga. Abu ɗaya na roƙa: takardar nan ta zauna inda take."

Washegari muka shirya fita. Dale ya kai hannu zai juya sabon bakan don sabo, sai ya tuna ya janye. Baba da kansa ya juya masa reshen ya riƙe har ya karanta. Muka kama hanya, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. A inda hanya ta rabu, tawa ta yi dama ta Baba ta yi hagu, na waiwaya. Baffa Reino yana tsaye a ƙofar bukka da tsumman girki a kafaɗa, bai san ana ganinsa ba. Ya miƙa hannun hagu gaba, na dama yana jan iska a hankali har zuwa leɓensa.

Baba ma ya waiwaya. Ya tsaya a wurin har Baffa ya sauke hannu ya koma ciki, sannan ya gyara riƙon bakan ya shiga daji.